Kundin Kallon Taurari daga Saman Bene a Jidda

Juma'a, 30 ga Agusta, 2024

Na'urar hangen nesan da na yi oda ta iso jiya da la'asar a cikin kwali biyu, sai da mai gadin gidanmu ya kama mini kafin muka hau da su hawa na huɗu. Irin wadda ake kira Dobsoniya ce, wato bututu mai madubi a gindinsa, zaune a kan akwatin katako, ana tura shi da hannu sama da ƙasa, hagu da dama. Faɗin madubin milimita 150 ne, nisan da yake tara haske kuma milimita 1200. Ta zo da gilasan leƙe biyu, mai milimita 25 da mai 10, kuma idan aka raba 1200 da kowannensu za a ga na farko yana ƙara girman abu ninki 48, na biyu ninki 120.

Niyyata ita ce in yi shekara guda ina rubuta abin da ake iya gani daga saman benen nan da abin da ba a iya gani, domin duk wanda na gaya wa zan sayi na'urar sai ya ce asarar kuɗi ce, wai Jidda ba ta da sama. Ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tun da na zo garin nan ban sake ganin Kaza da 'Ya'yanta yadda kakata take nuna mana ita a tsakar gida a ƙauyenmu na ƙasar Katsina ba.

Daren farko bai haifar da komai ba, kuma laifina ne. Na ajiye na'urar yini guda a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na fito da ita cikin danshin da mutanen nan ke kira ruɗuba, ko minti biyu ba a yi ba madubin ya yi gumi kamar kwalbar ruwan da aka ciro daga firji. Na zauna kusan awa ɗaya ina jira ya bushe, bai bushe ba, na tattara na sauko.

Lahadi, 8 ga Satumba, 2024

Na samu izinin mai gida na ajiye na'urar a ɗan ɗakin da ke ƙarshen matakala, kusa da tankin ruwa, inda zafinsa ɗaya ne da na waje. Gumin madubi ya ƙare, amma wata matsala ta fito. Injinan mukayyif na gidan duka suna jere a gefen gabas na benen suna fitar da iska mai zafi, kuma duk abin da na duba ta samansu sai ya riƙa rawa kamar hoton da ake gani a cikin ruwan randa idan an taɓa ta. Simintin benen shi ma yana riƙe zafin rana har tsakar dare. Na koma kusurwar kudu maso yamma, na shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙarƙashin akwatin, abin ya ɗan ragu.

Yau ne duniyarmu ta shiga tsakanin rana da Zuhal, duniyar nan mai zobe, don haka yana sama dare duka. Na jira har tsakar dare, lokacin da ya kai kimanin digiri 60 a kudu. A ninki 120 ya fito ɗan ƙarami, launin ruwan zuma mai haske, zobensa ya kusa juyo mana da gefe, sai ka ce tsinke aka soke wa goro. Can gefe akwai ɗigon haske guda, shi ne Taitan, mafi girma a cikin watanninsa. Na kira uwargida. Ta leƙa, ta ɗago, ta zaga gaban bututun ta duba ciki, sannan ta ce, "Alhaji, ka tabbata ba hoto suka manna maka a ciki ba?" Na ce ta sake leƙawa ta ga yadda yake sulalewa daga fili cikin ƙasa da minti guda, saboda juyawar duniyarmu, har sai an tura bututun an bi shi.

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Daren yau ya sauya mini yadda zan riƙa rubuta kundin nan. Danshi ya yi yawa har rigata ta manne a jiki, sama ta yi launin toka-toka da hasken fitilu, taurarin da na ƙirga da ido ba su kai goma sha biyar ba. Na yi niyyar kada ma in buɗe na'urar. Da na buɗe, sai na ga Zuhal a tsaye cak, gefensa a yanke tsaf, har da siririn baƙin layi a jikinsa inda zoben ya gitta. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Ashe abu biyu nake haɗawa wuri ɗaya ina kiransu mummunar sama. Na farko shi ne tsabtar iska, wato yawan ƙura da tururi da ke rage haske, su kuma kama hasken fitilun gari su watsa shi a sama. Na biyu shi ne natsuwar iska, wato ko iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗewa a sama suna karkatar da haske ko kuwa sun kwanta. Hazo yana kashe abubuwa masu raunin haske, amma Zuhal da Mushtari da wata suna da hasken da ya fi ƙarfinsa. Abin da ke ɓata su shi ne motsin iska, kuma daren da ruɗuba ta kwanta a gari babu ko kaɗawar ganye, sau da yawa saman ma a kwance take. Daga yau kowane dare zan ba shi maki biyu, daga 1 zuwa 5, ɗaya na tsabta ɗaya na natsuwa. Yau tsabta 1, natsuwa 4.

Talata, 15 ga Oktoba, 2024

Tauraruwa mai wutsiya da ake ta magana a kai, wadda aka fara ganowa a Sin a watan Janairun 2023 aka sa mata suna Tsuchinshan-ATLAS, ta yi kusancinta mafi girma da duniya ranar 12 ga wata, kimanin kilomita miliyan 70. Daga benenmu gine-gine sun tare yamma, saboda haka na bar na'urar a gida, na ɗauki ƙaramin madubin hange mai ido biyu muka tafi bakin teku wajen Ubhur ni da babban ɗana. Bayan Magariba da kusan minti arba'in muka same ta a dama da Zara, a saman wani baƙin labulen hazo da ya kwanta a kan Bahar Maliya. Da ido tsirara sai da wutsiyar ido ake ɗan jin alamarta. A madubin hange kuwa kanta ya fito da wutsiya miƙe zuwa sama, ko da yake wata ya kusa cika yana wanke ta. Yaron ya ce, "Baba, ta waya ta fi wannan kyau." Gaskiya ya faɗa, domin kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi, ido kuwa ba ya tarawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Wata ya kai rabi. Shi ba ruwansa da fitilun Jidda, kuma wurin kallo shi ne layin da ya raba haske da duhu, inda rana ke fitowa a can, inuwar duwatsu ta yi tsawo. A tsakiyarsa akwai manyan ramuka uku a jere daga arewa zuwa kudu, kuma babbansu, mai faɗin fiye da kilomita 150, sunan Badalamusi masanin taurarin Iskandariyya yake ɗauke da shi. Na ukunsu an sa masa sunan Zarƙali na Andalus, wani kuma a gabas da su sunan Battani. Na yi kusan awa guda a kan na Zarƙali ina kallon tsaunin da ke cibiyarsa, wanda ƙololuwarsa ta kama haske alhali ƙasan ramin bai gama fita daga duhu ba. Tsabta 2, natsuwa 3.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 2024

Na sayi wani gilashin tacewa da mai sayarwa ya rantse zai kawar da hasken gari. Na gwada shi a kan gajimaren taurarin da ke ƙarƙashin taurari uku da suka jeru a tsakiyar rukunin taurarin Jauza, bai ƙara komai ba sai duhu. Daga baya na fahimci cewa irin wannan gilashin an yi shi ne domin tsofaffin fitilun titi masu ruwan ɗorawa, waɗanda haskensu ke fita a launi ƙwaya ɗaya da ake iya toshewa. Fararen fitilun da suka cika unguwarmu yanzu suna fitar da kowane launi, babu abin da za a toshe a bar saura. Kuɗin sun tafi. Abin da ya yi mini amfani a daren shi ne baƙin mayafin uwargida da na lulluɓa a kai na rufe da gilashin leƙen, domin fitilar masallacin da ke bayanmu ta daina shiga idona.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Duniyar Mushtari ta yi daura da rana yau, wato duniyarmu ta shiga tsakanin Mushtari da rana, yana nesa da mu da kilomita miliyan 600 da 'yan kai, kuma bana ya faɗo mana daidai. Jidda tana kan digiri 21 da rabi arewa da tsakiyar duniya, shi kuma yana daidai saman wuraren da ke kusan digiri 22 arewa da ita, saboda haka da tsakar dare yana wucewa ta tsakar kanmu. Amfanin wannan babba ne ga mai zama cikin hazo, domin wanda ya dubi tsakar sama yana leƙawa ne ta mafi siririn ɓangaren iska, wanda ya dubi abu a digiri 30 kuwa yana leƙawa ta ninki biyu na wannan kaurin, da duk ƙurar da ke ciki.

Sai dai irin na'urata ba ta son tsakar sama. Idan bututun ya miƙe tsaye, tura shi hagu ko dama ba ya matsar da shi, sai dai ya juya a kan kansa kamar muciya a tukunya. Na sha wahala kafin na gane cewa gara in kalle shi awa ɗaya kafin ya kai can ko awa ɗaya bayan ya wuce.

Na ƙara sayen gilashin leƙe mai milimita 6, ninki 200 ke nan, kuma a makon nan ya biya kuɗinsa. Manyan ɗamaru biyu masu ruwan ƙasa sun fito a jikin Mushtari, ta arewa ta fi duhu, gefenta kuma ba a miƙe yake ba, yana da 'yan tsaga-tsaga. Ba a ganin wannan da leƙe ɗaya. Sai mutum ya zauna a kujera, ya daidaita numfashi, ya bar ido a kai na minti goma ko fiye, domin a cikin kowane minti iska tana kwantawa na daƙiƙa biyu ko uku, kuma a wannan ɗan tsakanin ne komai ke bayyana kafin ya sake narkewa. Watanninsa huɗu da Galileyo ya gani a 1610 suna sauya wuri kowane dare. A ɗaya daga cikin dararen na ga ɗigo baƙi ƙirin kamar ƙwayar barkono yana tafiya a hankali a kan ɗamarar, inuwar ɗaya daga cikin watannin ce, wato a can ana husufin rana. Shi kansa Mushtari yana juyawa sau ɗaya cikin ƙasa da awa 10, shi ya sa zanen da na fara da fensir sai na ga ya gurɓace idan na wuce minti ashirin ban gama ba.

Maƙwabcinmu dattijo, wanda a Makka aka haife shi amma Hausarsa ta Kano ce tsantsa, ya hawo ya same ni. Na ce, "Baba Alhaji, bismillah, zo ka ga Mushtari." Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Ɗana, sunansa na sani a littafi tun ina yaro, ban san yana da 'ya'ya ba." Tsabta 2, natsuwa 5, karo na farko.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Ruwan saman da aka yi a farkon mako ya wanke garin, iskar arewa ta biyo baya. Bayan wata ya faɗi sama ta yi tsabtar da ban taɓa gani a nan ba, har a ninki 48 gajimaren Jauza ya buɗe fikafikansa, taurari huɗun da ke cikinsa suka rabu. Tun farkon dare ma tauraron Suhailu ya fito sarai a kudu. A nan ba ya wuce digiri 16 a sama da ƙasa, alhali a Kano yana kaiwa 25, don haka galibi hazon tashar jiragen ruwa yana haɗiye shi. Yau yana walƙiya ja da kore da shuɗi kamar fitilar biki.

Wannan walƙiyar kuwa ita ce alamar sharri ga mai son duniyoyi. Na juya kan Mushtari, sai na tarar da shi yana tafasa, ɗamarun ma da ƙyar. Tsabta 4, natsuwa 1. Kishiyar daren 4 ga Oktoba ke nan daidai.

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Marrihu, wata daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana, shi ma ya yi daura da rana, amma wannan zuwan nasa na nesa ne, kilomita miliyan 96, girmansa a na'ura bai kai sulusin na Mushtari ba. A ninki 200 na ga farin tabon ƙanƙara a ƙuryarsa ta arewa da wata inuwa mai duhu a tsakiya, shi ke nan. Yininsa awa 24 ne da minti 37, saboda haka wanda ya duba a lokaci ɗaya kowane dare kusan fuska ɗaya zai riƙa gani, sai an yi makonni kafin ta zagayo. Zuwansa na kusa sosai sai 2035, idan da rai.

Juma'a, 31 ga Janairu, 2025

Na ga ya kamata in san abin da nake rasawa, don haka muka kwantar da kujerar baya muka sa bututun a mota, muka bi ta Sailul Kabir zuwa Ɗa'if, daga nan muka hau Shafa, wadda tsayinta ya haura mita 2000. Sanyi ya kama mu ba shiri, yatsuna har suka ƙi juya dunƙulen daidaita gani. Jinjirin wata ya faɗi da wuri. Bayan minti ashirin a duhu ba tare da duba waya ba, farin layin nan da Larabawa ke kira Darbut Tabbana ya bayyana, Kaza ta fito da 'ya'yanta shida a sarari, na bakwai yana leƙowa. Tarin taurarin Andiromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi, a Jidda ɗan farin tabo ne kamar an goga alli, a nan kuwa ya cika filin gilashin ya fita ta gefe biyu. Babban ɗana bai ambaci waya ba a daren.

Abin da ban zata ba shi ne Mushtari bai fi na benenmu kyau ba, ya ma gaza na daren 7 ga Disamba, domin iska tana busowa ta kan duwatsu tana birkita shi. Tsabta 5, natsuwa 2.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, 2025

Yammacin duban watan Ramadan. Sai da na tabbata rana ta faɗi gaba ɗaya kafin na cire murfin na'urar, domin leƙen rana ta cikinta ko na ƙiftawar ido yana makantarwa. An haifi watan da misalin ƙarfe 3:45 na asubahin yau, wato bai cika awa 15 ba a lokacin Magariba. Na hau kan ɗakin tanki na share yamma da madubin hange har ja ya gushe, ban ga komai ba sai hazo. Masu duba a Sudair da Tumair suna tsakiyar Najadu ne inda iska take a bushe, kuma kafin Isha Kotun Ƙoli ta ba da sanarwar cewa gobe Asabar ɗaya ga wata.

Na rage takaici da Zara, wadda take ƙyalli a sama da hazon. A na'ura ta zama siririn lauje, sak jinjirin watan da na kasa gani. Ƙaramar 'yata ta leƙa ta ruga ƙasa tana cewa Baba ya ga wata, sai da na bi ta na gyara maganar kafin ta kai wa maƙwabta.

Juma'a, 20 ga Yuni, 2025

Tun bayan Sallah ƙarama ban buɗe na'urar fiye da sau shida ba. Zafi, ƙura, da aikin lokacin Hajji sun haɗu, Mushtari kuma ya shige hasken rana. Da na haska madubin da tocila na ga ƙura ta haɗu da danshin gishiri ta yi masa ɓawo. Na kwance shi, na jiƙa shi a roba da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, na ja auduga a kansa ba tare da dannawa ba, na ɗauraye da tataccen ruwa irin na batir, na jingina shi ya tsane. Rufin alminiyon yana saman gilashin ne, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki, don haka goge shi da tsumma yana karce shi. Na san haka, amma duk da haka na sa yatsa na kankare wani tabo da ya ƙi fita, ya bar siririn zane a gefe. Mayar da madubin ya ɓata saitinsa, na yi awa biyu da murfin kwalba da na huda a tsakiya ina juya kusoshi uku na baya har zoben da ke cibiyar madubin ya koma daidai.

Lahadi, 7 ga Satumba, 2025

Husufin wata cikakke. Inuwar duniya ta fara cin gefensa da ƙarfe 7:27, yana ƙasa-ƙasa a gabas, daidai saman injinan mukayyif, don haka farkon abin da ido na kalla. Ya shige inuwa gaba ɗaya daga 8:30 zuwa 9:52, minti 82. Mun sauka mun yi Isha da sallar husufi a masallacin unguwa, muka dawo yana nan jajir kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Jan launin hasken rana ne da ya ratsa iskar duniya ya karkato cikin inuwar, amma a nan hazo ya ƙara masa duhu har gefensa ɗaya ya kusa ɓacewa. A ninki 48 na ga ƙananan taurari dab da gefen watan, abin da ba ya yiwuwa a daren da ya cika.

Benen ya cika da mutanen gidan. Baba Alhaji yana ba yara labarin da mahaifiyarsa ta ba shi, yadda a Kano ake fita da gwangwani ana bugawa ana cewa rana ta kama wata. Kafin hasken ya dawo na juya kan Zuhal, wanda ke gabas da watan kaɗan. Zoben da ya juyo mana da gefe ɗungurungum ranar 23 ga Maris, lokacin yana kusa da rana ba a ganinsa, har yanzu siriri ne fiye da na bara, kamar zare.

Na ƙirga makin shekarar da na tara. Cikin dare 71 da na rubuta, tsabta ta kai 4 sau biyar kacal a saman benen, duka tsakanin Disamba da Fabrairu, natsuwa kuwa ta kai 4 ko 5 sau goma sha tara, yawancinsu a darare masu ruɗuba. Na sayi sabon littafi domin shekara ta biyu, na ƙara layi na uku na rubuta inda iska ke busowa. Zuhal zai yi daura da rana ranar 21 ga wannan wata, kuma kafin nan ina so in sami kafinta ya yi mini ɗan allon katako da zai tare fitilar masallaci, domin uwargida ta karɓe mayafinta.